Yadda zaka yi wa littattafan gidanka rajista da waya da kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara da damina muka buɗe wani kwali a ɗakin marigayi mahaifinmu nan Garwa, kwalin da ya fi shekara huɗu ba wanda ya ɗaga shi, daga waje lafiya lau yake, amma da na saka hannu sai jar ƙasa da guntayen takarda, ashe gara ta shiga ta ƙasa ta cinye kusan rabi. Inna tana tsaye bakin ƙofa tace min, "Wanne da wanne ne suka tafi?" Wallahi na kasa bata amsa, don ba wanda ya san me ke cikin kwalin tun farko, Malam, wato mahaifin namu, shi kaɗai ya riƙe lissafin kayansa a ka kuma ya tafi da shi. Daga ranar na ƙudurta sai kowane littafi na gidan nan ya shiga rajista, nasa da nawa na lekol da na ƙannena. Aikin ya ɗauke ni wajen wata uku ina yi da yamma bayan la'asar, littafi 640 da 'yan kai, kuma ga yadda na bi, har da wuraren da na yi tuntuɓe don kada ka maimaita.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Masu manhajojin rajistar littafi zasu nuna maka kamar ka haska waya a bayan littafi shikenan komai ya fito. A kantar mutumin Faransa haka ne. A kantarmu ta nan, inda zaka samu bugun Bairut kusa da bugun Kano kusa da fotokofin da aka ɗinke da zare, sikanin zai ɗauke maka wani kaso ne kawai, sauran da hannunka zaka shigar. To tsarin da zaka gina dole ya zama wanda zai ɗauki duka biyun.

Mataki na farko: sauke su ka raba

Shimfiɗa tabarma mai tsabta, ka sauke kanta ɗaya kawai, kada ka sauke ɗakin gaba ɗaya don zaka gaji ka bar su a ƙasa sati biyu. Goge ƙura da busasshen ƙyalle, banda ruwa. Alƙur'anai da tafsirai a ɗora su kan tebur ko kujera, kuma kayi alwala kafin ka fara wannan ɓangaren.

Ka raba gida uku. Na farko masu zanen layi-layi baƙi a bayan bango, wato bakod. Na biyu waɗanda basu da zanen amma in ka buɗe shafi na biyu ko na ƙarshe zaka ga an rubuta ISBN da lambobi. Na uku waɗanda basu da komai, su ne tsofaffin bugu, littattafan zaure, ƙananan littattafan Hausa na kasuwa, fotokofi da rubutun hannu. Ni gida na ukun nan shi ya fi tsayi a ɗakin Malam, a nawa ɗakin kuma na farko ya fi.

Mataki na biyu: gane lambar da kake nema

ISBN lamba ce da ake baiwa kowane bugu na littafi. An mayar da ita tsarin duniya a 1970, shi yasa duk littafin da ya girmi wannan lokacin kada ma ka wahalar da kanka nema. Da can lambobi 10 ne, kuma na ƙarshen yana iya zama harafin X, daga 1 ga Janairu 2007 aka koma lambobi 13 masu farawa da 978 ko 979. Zanen bakod ɗin ba komai bane illa waɗannan lambobi 13 ɗin a siffar da na'ura zata iya karantawa. In ka ga wani ƙaramin zane a gefensa mai lamba 5, wannan na farashi ne, ka rabu dashi. In kuma bakod ya fara da 977 to mujalla ce ko jarida, manhajar littafi ba zata gane ta ba.

Lambar da ke bin 978 tana gaya maka yankin da aka yi rajistar littafin, kuma sanin wannan yana da amfani don shi zai nuna maka inda zaka je neman bayani. 0 da 1 na ƙasashen Turanci ne, 2 na Faransanci, 977 Masar, 9953 da 614 Lubnan, 9960 da 603 Saudiyya, 9956 namu na Kamaru, Najeriya kuma 978, shi yasa littafin Najeriya zaka ga ya fara da 978978.

Lambar ƙarshe ta tantancewa ce. Ɗauki 9780306406157. Ka bar 7 na ƙarshe, sauran 12 ɗin ka ninka na farko da 1, na biyu da 3, na uku da 1, haka har ƙarshe, ka tara, zai baka 93. Nawa ya rage 93 ya kai 100? 7. To lambar daidai take. Ba kullum zaka yi wannan lissafin ba, amma ranar da manhaja tace bata yarda da wata lamba ba alhali ka kwafa daidai, da shi zaka gane cewa daga maɗaba'a aka bugo kuskuren, kuma hakan na faruwa sosai a ƙananan bugu.

A littattafan Larabci ka nemi kalmar ردمك ko الترقيم الدولي, ita ce ISBN. Kada ka haɗa ta da رقم الإيداع, wannan lambar ajiyar kwafi ce a ɗakin karatu na ƙasa, kamar abin da Faransawa ke rubutawa dépôt légal. Wanda bai saba da lambobin Larabci ba ya kula, ٥ biyar ce duk da tayi kama da sifili, sifili ɗigo ne kawai, ٦ kuma shida ce ba bakwai ba. Ƙanena da ya tayani aiki ya shigar min da wajen littafi goma da wannan kuskuren kafin mu farga.

Mataki na uku: baiwa kowane littafi lambar gida

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci a wajena, kuma shi ne na tsallake da farko sai da na dawo baya.

ISBN tana nuna bugu ne, bata nuna kwafin da ke hannunka. In kana da kwafi biyu na littafi ɗaya lambarsu ɗaya. Littafi mai mujalladi takwas sau da yawa ISBN ɗaya ce aka buga a bayan duka takwas ɗin. Wasu masu buga ƙananan littattafai kuma lamba ɗaya suke maimaitawa a littattafai daban daban, na ga wannan da idona a littattafan Hausa guda uku, labari daban, marubuta daban, lamba iri ɗaya. Ga kuma tulin da basu da ita sam. Saboda haka kai zaka ƙirƙiri lambarka wadda ba zata taɓa maimaituwa ba: 0001, 0002, 0003, haka. Ni na sa harafi a gaba don in san na waye, M na Malam, wato kayan gado da ba ni kaɗai ke da haƙƙi a kai ba, A nawa. M0147, A0032. Ka rubuta da fensir a cikin bangon farko, can sama. Banda biro, banda maka. Kowane mujalladi lambarsa daban. Littafi in ya ɓata ko ka bayar kyauta, lambarsa ta tafi dashi kenan, kada ka ɗora wa wani.

Sai lambar wuri, ita kuma daban take don tana canzawa. Ka sa wa kowane kabad lamba, kowace kanta lamba daga sama zuwa ƙasa. K2-3 na nufin kabad na biyu kanta ta uku. Akwati ko kwali shima ya samu suna, AK1, AK2, ka rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ranar da ka matsar da littafi gurbi ɗaya kawai zaka gyara a rajista.

Akwai tsarin Dewey da manyan ɗakunan karatu ke bi tun 1876, amma a cikinsa duk ilmin Musulunci an cusa shi ne ƙarƙashin 297, tafsiri da hadisi da fiƙihu duk a wuri ɗaya, wanda ga gida irin namu bai yi ba. Na bi yadda Malam ya saba kiran fannonin: Alƙur'ani da tafsiri, hadisi, fiƙihu, tauhidi, nahawu da lugga, sira da tarihi, waƙoƙi, sannan na boko: lissafi, kimiyya, adabin Faransanci, adabin Hausa, Fulfulde, ƙamus. Kada fannonin su wuce ashirin, in sun yi yawa kai kanka zaka rinƙa mantawa ina ka saka me.

Mataki na huɗu: sikanin

Hanya biyu ce, waya ko ƙaramar na'urar sikanin mai igiyar USB irin ta manyan kantuna da famasi.

In littattafanka basu wuce ɗari biyu ko uku ba waya ta isa. Ni Binary Eye na yi amfani da ita a Android, kyauta ce, bata da talla, bata buƙatar rezo, wato netwok, tana ajiye duk abin da ka haska a jere sannan ka fitar dashi a fayil ɗin CSV, wanda Excel ke buɗewa a matsayin tebur. Ka shiga saitinta ka kunna ajiye tarihi da kuma haskawa a jere ba tsayawa. Amfanin wannan hanyar shine zaka tara lambobin ko ba intanet, ranar da rezo yayi kyau ko ka samu wifi sai ka nemo bayanansu gaba ɗaya. Ka zauna inda haske yake amma ba cikin rana tsaka ba, bangon da ke ƙyalli yana mayar da haske kamara ta kasa gani, sai ka ɗan karkata littafin. Goge gilashin kamara akai akai musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka ko ina. Kuma ka haska su a bisa jerin lambar gida, M0001 sannan M0002, don in ka zuba a kwamfuta layukan su dace da juna. Kanta ɗaya, fayil ɗaya, shi ya fi sauƙin bincike in an samu tsallake.

Na'urar USB tafi sauri nesa ba kusa ba, kuma bata buƙatar a girka komai, kwamfuta tana ɗaukarta ne kamar kibod, ka danna kunamar sai ta rubuta lambobin inda alamar rubutu take ta sauka layi na gaba. Amma ga inda na kwana biyu ina fama. Na aro na'urar wajen wani abokina mai shago, na jona, na haska littafin farko, maimakon 978 sai naga çè_ da wasu alamomi sun biyo baya, à da é da baka. Na ɗauka na'urar ce ta lalace har na kira shi. Ashe matsalar kibod ɗinmu ne na Faransanci, AZERTY, wanda layin sama in baka danna Maj, wato Shift, ba alamomi yake bayarwa, 9 ta zama ç, 7 ta zama è, 8 ta zama _, ita kuma na'urar an saita ta ne da kibod ɗin Amurka. Duk wanda ke Marwa ko Ngaundare ko Kuseri ko Njamena da kwamfutar Faransanci zai haɗu da wannan. Maganin, ko dai ka canza harshen kibod a Windows zuwa Turancin Amurka lokacin da kake sikanin, ko ka duba 'yar takardar da ke zuwa da na'urar, akwai wani bakod na saita ta zuwa kibod ɗin Faransa, ka haska shi sau ɗaya magana ta ƙare.

Mataki na biyar: inda bayanan zasu zauna

Anan mutane ke ɓata lokaci suna gwada manhaja goma. Ga abin da na gani.

LibraryThing shafi ne da Tim Spalding ya buɗe a 2005, kuma tun 2020 ya zama kyauta gaba ɗaya. Ƙarfinsa shine yana neman bayani a ɗakunan karatu masu yawa na ƙasashe daban daban, zaka iya loda masa jerin ISBN a fayil ɗaya ya nemo su, kuma yana barinka ka sauke duk rajistarka a Excel. Libib ma tana da sauƙi a waya, kyauta har abu 5000. Matsalarsu duka biyun, kayanka na zaune ne a intanet, mu kuma mun san halin rezo da ɗauke wuta a watan Maris da Afrilu.

Calibre manhajar kwamfuta ce ta kyauta, asali don littattafan PDF da EPUB aka yi ta, amma a ƙarƙashin maɓallin ƙara littafi akwai zaɓin ƙarawa da ISBN, ka manna jerin lambobinka gaba ɗaya, ta buɗe wa kowanne gurbi, sannan ka zaɓe su duka kace ta sauko da bayanai da hoton bango. Bayan nan bata ƙara neman intanet. Tana barinka ka ƙara gurabenka na kanka kamar lambar gida da wuri da wanda ya ara, kuma in kana da PDF na littafin sai ka haɗa a gurbi ɗaya. Akwai Koha da PMB da ɗakunan karatu na jami'a ke amfani dasu, amma waɗannan suna son saba, wato kwamfutar da aka ware don su zauna a kanta, da mai kula, sun fi ƙarfin gida.

Ni abin da na tsaya a kai: uwar rajista tana cikin tebur na LibreOffice Calc, wanda Excel ma zai yi, sauran manhajojin kuma 'yan aike ne, su nemo min suna da marubuci da shekara in kwaso in zuba. Dalilina, tebur yana buɗuwa a kowace kwamfuta da kowace waya, ƙanwata da bata taɓa jin sunan Calibre ba zata iya buɗewa ta karanta, kuma ba kamfanin da zai rufe ya tafi min dashi.

Gurabe na teburin, daga hagu zuwa dama: lambar gida, ISBN, sunan littafi, marubuci, mujalladi na nawa cikin nawa, harshe, irin rubutu wato boko ko Larabci ko ajami, maɗaba'a da gari, shekara, fanni, wuri, lafiyar littafin, mai shi, wanda ya ara da rana, sai gurbin ƙarin bayani. Layi ɗaya littafi ɗaya, kada ka haɗe gurabe don ado, yana ɓata tacewa da jerawa.

Kafin ka zuba ko lamba ɗaya, ka zaɓi gurbin ISBN gaba ɗaya daga sama har ƙasa ka mayar da tsarinsa Texte. In baka yi ba Excel zai nuna maka 9,78E+12, tsohuwar ISBN mai farawa da 0 kuma ya cinye sifilin, kuma in ka adana a CSV a haka to lambobin sun tafi kenan, duk littattafan zasu koma lamba ɗaya. Haka gurbin lambar gida in baka sa harafi a gaba ba. Sannan duk lokacin da zaka adana ko buɗe CSV ka zaɓi UTF-8 a matsayin tsarin haruffa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ da duk rubutun Larabci zasu koma alamar tambaya da tarkace. LibreOffice yana tambayarka wannan duk sanda ka buɗe, shi yasa na fi sonsa. Ka lura kuma Excel na Faransanci da waƙafi mai ɗigo (;) yake raba gurabe, manhajojin waya kuma da waƙafi, in ka buɗe kaga komai ya cushe a gurbi ɗaya to wannan ne, sai ka shigo da fayil ɗin ta hanyar Données ka zaɓi waƙafi.

Duk abin da intanet ta kawo ka duba shi da littafin a hannu. Wani lokaci zata kawo bugu na daban, wani lokaci sunan mai fassara a gurbin marubuci. Don gano maimaici, a gurbi na gefe ka rubuta =NB.SI(B:B;B2) ka ja ƙasa, duk inda ya wuce 1 ka je ka duba ko kwafi biyu ne ko mujalladai ne ko sau biyu ka haska.

Mataki na shida: waɗanda intanet bata sani ba

Littattafan Faransanci masu 978-2, na Hachette da Nathan da Hatier da EDICEF da Présence Africaine da L'Harmattan, in manhaja bata samu ba ka je kundin BnF, babban ɗakin karatu na Faransa, kyauta ne kuma da wuya ka rasa, tunda dokar ajiye kwafin duk abin da aka buga a ƙasar tana nan tun 1537. Na Turanci ka gwada Open Library da Google Books da WorldCat. Na Larabci kuwa, ko da ISBN ɗin na nan daram, sau da yawa ba abin da zai fito, ko ya fito da haruffan boko masu ɗigo-ɗigo irin na turawan jami'a. Kada ka ɓata kuɗin data kana nema, minti ɗaya bai fito ba ka rubuta da hannu.

Ka ɗauko bayani daga shafin suna na ciki, kada ka dogara da bango, don masu ɗinki suna sa bangon wani littafi a wani. Sunan Larabci na kan rubuta shi sau biyu, da Larabci a gurbi ɗaya da boko a wani, saboda in ina sauri a kasuwa da boko nake nema. Gboard, manhajar kibod ta Google a waya, yana da kibod na Hausa da na Larabci da na Faransanci, ka ƙara su duka uku kana juyawa.

Sunan marubuci shine inda rajista ke rikicewa a yankinmu, don muna tsakanin rubutu uku. Shehu Usman ɗan Fodiyo a littafin Faransanci zaka ga Ousman dan Fodio, a na Turanci Uthman ibn Fudi ko dan Fodio, a na Larabci wani abu daban. Muhammadu kuma ga Mahamat ga Mohamadou ga Mohammed. In ka bi kowane littafi da yadda ya rubuta, ranar da ka nemi duk littattafan Shehu uku zasu fito alhali kana da tara. Ka buɗe shafi na biyu a teburin ka jera sunayen marubuta, kowa da siffa ɗaya da ka zaɓa, kullum daga nan kake kwafa. Ka yanke kuma tun farko ko zaka rinƙa sa Al- a gaban suna ko a'a, in ba haka ba rabin malamai zasu taru ƙarƙashin harafin A.

Shekarar hijira ka rubuta ta yadda take, ka ƙara ta miladiyya a gefe. Lissafin kusa: ninka da 0,97 ka ƙara 622. Misali 1420 zai baka 1999, wanda yake daidai don shekarar ta faɗa tsakanin 1999 da 2000. Inda ba shekara ka rubuta "babu", kada kayi ƙiyasi ka saka kamar tabbas ne.

Gurbin ƙarin bayani kada ka raina shi. Nan nake rubuta abin da ba kundin duniya da zai gaya maka: akwai rubutun Malam a gefen shafi, an saya a Makka, kyautar wane ce, shafi 40 zuwa 56 sun fita, wannan waƙafi ne ba'a sayarwa. Na samu littattafai shida da sunan wasu mutane a ciki, ashe aro ne Malam bai samu mayarwa ba, huɗu mun gano iyalansu mun kai musu.

Mataki na bakwai: buga bakod naka

Wannan ba dole bane, amma in mutane na yawan aro a wajenka yana da daɗi. Akwai font mai suna Libre Barcode 39 a Google Fonts, ka girka, ka rubuta lambar gida tsakanin taurari biyu kamar *M0147*, ka canza rubutun zuwa wannan font ɗin da girma sosai, ya zama bakod da waya da na'ura zasu karanta. Taurarin nan dole ne, su ke nuna farko da ƙarshe. Ka sa lambar da rubutu na gari a ƙasansa. Ka kai inda ake bugawa da injin leza, don tawadar ruwa tana baje wa da gumin hannu da laimar damina. Gwada guda ɗaya kafin ka buga ɗari.

Sababbin littattafai ka manna a cikin bango na baya. Alƙur'ani, tsofaffin bugu da rubutun hannu kuwa kada gam ko salatif ya taɓa su, zafin Garwa yana narkar da gam ya bar tabo mai ruwan ƙasa da baya fita. Yanki farar takarda ka buga lambar a kai ka saka a ciki kamar alamar shafi.

Mataki na takwas: aro

Da yawan littattafan da muka rasa ba gara ce ta ci ba, aro ne. Kuma kunya ke hana mu tambaya, musamman in babba ne ya ɗauka. Rajista tana sauƙaƙa wannan don ta zama ƙa'idar gida ba zargin mutum ba. Ranar da Baffa yazo ɗaukar wani sharhi nace masa, "Baffa, a gafarce ni in rubuta lambar, yanzu duk wanda ya fita sai an rubuta, har nawa." Yayi murmushi yace, "Rubuta ɗana, da mahaifinka yayi haka da ba'a kai mu nan ba." Suna, rana, shikenan. Wata na ƙarewa ka tace gurbin aro kaga su waye a waje.

Mataki na tara: kwafin ajiya

Fayil ɗaya a kwamfuta ɗaya ba rajista bace tukuna. Duk ranar da kayi aiki ka adana da kwanan wata a sunan, kamar littattafai-2025-03-14, ka kwafa a kile USB, ka tura wa kanka ta imel ko Google Drive, ka tura wa wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya kuke ba ta WhatsApp. In Calibre kake amfani da ita ka kwafi jakar ɗakin karatun gaba ɗaya, fayil ɗin metadata.db da ke ciki shine rumbun bayanan. In a LibraryThing ko Libib kake, ka sauke kwafinka lokaci lokaci. Ka ajiye ɗaya a waya don ranar da ka tsaya wajen mai littattafai bakin masallacin Juma'a ko ka tsallaka Yola ko Mubi, ka duba kafin ka biya, ni sau biyu na taɓa sayen mujalladi na uku na littafi ɗaya alhali na huɗu ne babu. Sau ɗaya a shekara kuma ka buga a takarda ka saka a kabad na farko, saboda Inna da duk wanda baya taɓa kwamfuta.

Kafin damina, wajen watan Afrilu, ka ɗauki rajistar ka bi kanta kanta kana dubawa, a nan zaka ga wanda ya ɓata da wanda ya canza wuri, kuma a nan zaka ga hanyar gara tun tana siririya a bango. Kwali kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, ka ɗora kan bulo ko benci ka bar tazara.

Abin da ya rage min yanzu akwati ɗaya ne, AK4, na warƙoƙin rubutun hannu, wasu Larabci wasu ajamin Hausa da na Fulfulde, ba bango ba suna, wasu ma sun cakuɗe da juna. Su na basu lamba ne ƙunshi ƙunshi yadda na same su a cikin gafaka, ban raba ba, na ƙirga warƙoƙin kowanne, na ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe don a ƙarshen ne mai kwafa yakan rubuta sunansa da ranar da ya gama, sannan a gurbin suna na rubuta layin farko bayan Bismillah. Baffa yace in kawo masa guda biyar biyar duk ranar Alhamis da babu karatu, yana karantawa yana gaya min ko menene ina cike gurbin. Mun kai ƙunshi na 23 cikin 61.